Wat biyar daga Zariya: littafin aikin ƙaramin rediyona

6 ga Janairu, 2024

Yau na buɗe kwalin. Tun watan Nuwamba lasisi ya zo hannuna, da alamar kira mai farawa da 5N kamar ta kowane mai rediyon sha'awa a Najeriya, wato masu magana da juna ta rediyo don sha'awa kawai, amma har yau ban aika ko ɗigo ɗaya sama ba, don ba ni da abin aikawa. Abin da ke cikin kwalin shi ne QCX+, ɗan ƙaramin rediyo da wani ɗan Ingila, Hans Summers, ya tsara. A warwatse ake sayar da shi, kai za ka haɗa da hannunka. Zango ɗaya yake yi, ni na zaɓi mita 20, kuma ba ya ɗaukar murya, sai bugun Morse, ɗigo da ja irin na tangarahu. Ƙarfinsa ba ya wuce wat biyar. Kwan fitilar zaurenmu wat tara ne.

Masu harkar suna kiran aiki da wat biyar ko ƙasa da haka QRP, daga tsofaffin alamomin masu buga tangarahu, inda haruffan ke nufin a rage ƙarfi. Buri biyu gare ni. Na farko a ji ni a hayin teku. Na biyu, wanda ya fi zauna mini a rai, in gaisa da wani a Nijar, mai alamar 5U.

Gajeren zango ba baƙo ba ne a gidanmu. Na tashi na tarar da mahaifina, Allah ya jiƙansa, da rediyo a kafaɗa. Ya san inda BBC take a mita 16 da rana, ya san Kaduna a mita 49, ya kuma san tashar da ta fito tangaran da asuba tana iya ɓacewa kafin azahar. Bai taɓa jin sunan wancan rufin iska mai caji da ke can sama yana dawo da igiyar rediyo ƙasa ba, amma ya san halinsa yadda manomi ya san hadari. Shi saurare kawai ya yi. Ni ina so in amsa.

13 ga Janairu

Kwana uku ke nan ina liƙa ƙananan kaya, rizisto da kafasito, ina duba launin kowanne sau biyu kafin in ɗora masa ƙarfen liƙi. Ido ba irin na da ba ne, sai da na sayo gilashin ƙara girma a Sabon Gari.

Baba ya zo ganin aiki. Shi ne dattijon da ya jawo ni cikin harkar nan, tsohon ma'aikacin gidan waya ne da ya riski zamanin tangarahu. Bai ko kalli liƙin ba. Kwanon gyaɗar da ke gefen tebur ya hango.

"Kai, ɗan nan, da hannun da kake murza dalma kake cin gyaɗa?"

"Baba, ai 'yar kaɗan ce."

"Da kaɗan-kaɗan take taruwa. Ga shi kwano ɗaya kuke sa hannu da yara."

Wayar liƙin da ake samu a kasuwa kashi 60 kuza ce, 40 dalma. Hayaƙin da ke tashi na ƙaron da ke cikin wayar ne, shi ma yana damun ƙirji, don haka taga a buɗe take. Dalmar kuwa ta hannu take bi ta shiga baki. Mu da muka ji abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake niƙawa cikin gidaje, bai kamata sai an tuna mana ba. Abin da ke teburina bai kai ko kusa da wancan ba, amma gubar ɗaya ce, kuma yara ƙanana ta fi kamawa. Na fitar da gyaɗa, na ajiye sabulu a bakin ƙofa, 'yan guntattakin dalma kuma ina share su cikin gwangwani mai murfi, don autana komai ya gani mai ƙyalli baki yake kai shi.

27 ga Janairu

Zobba biyar ne ake naɗa wa siririyar wayar jan ƙarfe. Huɗu ba su ba ni wahala ba. Na biyar naɗi huɗu ne daban-daban a kan zobe ɗaya, ƙafafu takwas, kowacce da raminta. Duk sanda waya ta ratsa tsakiyar zobe naɗi ɗaya ke nan, kuma da an yi maka sallama a tsakiyar ƙirga sai ka koma farko.

Na gama, na kunna, allo ya kawo haske, kunne kuwa shiru kamar maƙabarta. Dare biyu ina zargin kowane abu sai kaina. Ashe wayar jan ƙarfen tana da wani siririn shafe da ke hana wuta wucewa, kuma a ƙafa ɗaya ban kankare shi sosai ba. Dalma ta zauna a kai kyakkyawa, ido ba zai gane ba, amma da na ɗora mitar awon wuta sai ta nuna babu hanya. Na riƙe ƙarfen liƙi a wurin kamar daƙiƙa goma har shafen ya ƙone. Sai ga shuuu a kunnena.

3 ga Fabrairu

Ba a gwada na'urar aikawa babu abin da zai sha ƙarfin da take fitarwa, kuma ba daidai ba ne mutum ya cika zango da ƙarar gwaji. Sai na haɗa eriyar bogi: rizisto 20 masu om 1,000 kowanne, a jere kafaɗa da kafaɗa, suka ba da om 50, na sa su cikin gwangwanin madara. Da dayod ɗaya da kafasito ɗaya na auna. Mita ta nuna bolt 19.3, na ƙara 0.7 da dayod ke ci, ya zama 20. Ashirin sau ashirin a raba da 100, wat huɗu ke nan.

Na ɗan ji ba daɗi da wat ɗayan da ya ɓace, har Baba ya yi mini lissafi a bayan ambulan. Ma'aunin ƙarfin sigina matakai tara gare shi, kowane mataki ninki huɗu ne na ƙarfi. Mai wat 100 in ya sauko 25 mataki ɗaya ya rasa, in ya sauko shida da ɗoriya biyu ya rasa. Inda ake jin sa a mataki takwas, ni za a ji ni dab da shida. Tsakanin wat huɗu da biyar kuwa kunne ma ba zai rarrabe ba. Ya ce in bar zobban su huta, in je in nemi waya da gora.

10 ga Fabrairu

Na ƙona tabarma, na ƙona yatsa.

Batirin da nake amfani da shi irin na ajiyar wutar kwamfuta ne, bolt 12, ɗan ƙarami da ake ɗauka da hannu ɗaya. Ina canza masa waya, na bar bakin ja da baƙi tsirara, suka haɗu. Kafin in ce innalillahi robar ta narke, wayar ta yi ja, ɗaki ya cika da wari. Da na fizge ta ne ta bar mini shaida a ɗan yatsa.

Wata guda ina tunanin haɗarin igiyar rediyo, ashe abin da zai fara cizona yana ƙarƙashin tebur. Bolt 12 ba ya jan mutum, shi ya sa ake raina shi, amma batirin dalma yana iya zubo amfiya masu ɗimbin yawa cikin ƙiftawar ido in ya samu gajeriyar hanya. Yanzu akwai fis mai amfiya biyu dab da kan batirin, a wayar ja, ba can kusa da rediyo ba, don duk wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da mai tsaronta. Na rufe kawunan da salatif. Zoben azurfar da ke hannuna ina cire shi kafin in taɓa batir, don da shi ne ya haɗa kawunan biyu da yanzu wani labarin ake yi. Caji kuma a baranda, saboda iskar da irin wannan batir ke iya fitarwa tana kama wuta.

17 ga Fabrairu

Ranar eriya. Lissafinta mai sauƙi ne: 143 a raba da megahaz. A 14.060, inda masu ƙaramin ƙarfi ke taruwa a mita 20, ya ba da mita 10 da santimita 17, wato hannu biyu, kowanne mita biyar da 'yan kai. Na yanka kowanne mita 5.30, don ragewa ta fi ƙari sauƙi.

Wayar saukowa ta dish na yi amfani da ita. Om 75 ce, rediyon kuma 50 yake so, amma irin wannan eriya mai hannu biyu ita kanta kusan om 70 take, kuma wayar dish tana kowane shago da araha. Aibinta ɗaya, saƙar da ke jikinta ta alminiyam ce, ba ta karɓar dalma, sai dai a sa mata kan dish mai murɗawa.

Da farko a katangar gaba na so in kafa, don ta fi tsawo. Da na auna da taku, daga katangar zuwa wayar wutar layinmu mita shida ne, goran kuma bakwai. Ƙa'idar da Baba ya ɗora ni a kai ita ce, duk gefen da sanda za ta faɗi, da ita da wayarta, a samu tazarar mita uku tsakaninsu da wayar wuta. Ba ranar da iska ta kayar da ita kaɗai ake tsoro ba, har da ranar ɗagawa, lokacin da mutum ke riƙe da gindinta yana kallon sama, ƙafarsa a ƙasa. Wani ya ba ni shawarar bututun ƙarfe, na ce a'a. Ko goran ma in ya jiƙe ba abin yarda ba ne. Muka koma bayan gida kusa da darbejiya, na rasa tsawon katanga, na samu barci.

Na miƙe wayar gabas da yamma, domin irin wannan eriya ta gefenta take jefawa, ba ta bakinta ba, ga Turai kuma a arewa. Na'urar awon da Baba ya ara mini ta nuna ta fi dacewa a megahaz 13.6, wato ta yi tsawo. Na lanƙwasa santimita 17 a kowane baki, ta dawo inda nake so.

Sai uwargida ta fito ta tsaya tana kallo, ta ce, "Malam, wannan ai ta fi igiyar shanyata kyau." Nan take na sake kwance bakunan biyu na ɗaga su sama da mita uku. A tsakiyar eriya wat huɗu bolt goma sha wani abu ne kawai, amma a bakunanta yana haura ɗari, kuma ƙunar igiyar rediyo ƙarama ce a ido, mai zurfi a nama. Na sayo mata sabuwar igiya a hanyar dawowa daga masallaci.

21 ga Fabrairu

Hazo ya dawo da iska mai ƙarfi. Na kai hannu zan ɗaura wayar eriya, ta tsikare ni har gwiwar hannu, alhali babu abin da ke kunne. Busasshiyar ƙurar hunturu da ke gogar waya tana tara mata caji, irin wanda ke sa bargo tartsatsi da dare. Ni dai zafi na ji, amma taransisto mutuwa yake yi. Na sa rizisto mai om 100,000 tsakanin tsakiyar wayar da saƙarta, saƙar kuma na kai ta sandar ƙasa. Abin da yake ci daga wat huɗuna bai kai a ambata ba, cajin kuwa yana tsiyayewa kafin ya taru.

2 ga Maris

Abin da na yi tsammani ya faru. An fara tambayar yarana a makarantar allo ko babansu da wa yake magana da dare. A halin da ƙasa ke ciki ban ga laifin kowa ba. Laifina ne da na ɗaga gora kafin in je inda ya kamata in fara zuwa.

Bayan la'asar muka tafi zauren mai unguwa ni da Baba, da lasisi da littafin rajista da rediyon kansa a leda.

"Ranka ya daɗe, mun zo ne a kan wayar da aka gani a gidana."

"To, Malam, na ji. Ba irin oba-obar nan ba ce da ake cewa mutanen daji na riƙewa?"

Baba ya karɓi zancen, ya fi ni iya shi. Ya ce, ranka ya daɗe, wannan harka dokarta ita ce babu ɓoyo. Duk wanda ya yi magana sai ya faɗi alamarsa, alamar kuma tana rubuce a wurin hukuma da sunansa da gidansa. An hana saƙo mai ɓoyayyar ma'ana, an hana ciniki, an hana kiɗa, an hana watsa shiri ga jama'a. Duk mai rediyon da ya kai zangon yana iya saurare. Na buɗe masa littafin, shafi fari fat, na ce nan za a riƙa rubuta rana da lokaci da wanda aka yi magana da shi.

Ya juya rediyon a hannunsa, ya ce wannan ɗan abin ne zai kai Turai? Ya yi dariya, ya ce, "To Allah ya taimaka. In ka samu Makka ka gaishe su."

16 ga Maris

Azumi ya kama tun ranar 11. Tsakanin sahur da kiran assalatu nake koyon Morse, minti goma sha biyar. Hanyar Koch nake bi, wani Bajamushe na shekarun 1930: ana fara wa mutum da haruffa biyu kacal amma da cikakken sauri, sai ya kama kashi 90 a ƙara masa ɗaya. Amfaninta shi ne kunne ya riƙe harafi a matsayin sauti guda, ba ya ƙirga ɗigo da ja. Baba ya ce wanda ya yi haddar allo ba a koya masa wannan. Morse ba shi da ɓ, ba shi da ɗ, ba shi da ƙ, don haka ranar da na samu Bahaushe a sama sai dai ya gane ƙasa nake nufi ko kasa.

Babbar matsalar yanzu ƙara ce. Da yamma zangon yana cika da wani gurnani da ke binne duk ƙananan sigina. Na bi gida da ƙaramar rediyon hannu ina kashe abu ɗaya-ɗaya, har na kama ɓarawon: cajar wayata ce mai araha, da kwan fitila ɗaya a kicin. Sauran na maƙwabta ne, inbata da caja, ba yadda zan yi. Lokacin da ya fi kowanne daɗin saurare shi ne 'yan mintocin nan bayan an ɗauke wuta, kafin a tayar da janareto. Ni kaɗai ne a layinmu ke murna da wannan lokacin, kuma ba na faɗa.

23 ga Maris

Na buga CQ karo na farko, wato kiran kowa da kowa. Sau uku, hannu na rawa. Babu wanda ya amsa, kuma gaskiya na ji sauƙi. Amma akwai wani tsari a intanet, Reverse Beacon Network, inda na'urorin masu sha'awa a ƙasashe daban-daban ke saurare dare da rana suna rubuta duk CQ da suka ji. Na duba, sai ga alamata a layi uku: Sifen, Italiya, Jamus. Na kira uwargida ta gani. Ta ce to, su waye? Na ce ba kowa, na'ura ce. Ta koma wajen kunun buɗa baki.

30 ga Maris

Saura kamar minti ashirin a sha ruwa, na buga CQ a 14.060, sai na ji alamata ta dawo mini daga wani hannun. Ɗan Italiya ne. Ya ji yadda nake bugu, ya sauko da saurinsa ba tare da na roƙa ba. Ya ba ni 559: ana karanta ni sarai, ƙarfi mataki biyar, sauti mai tsabta. Na ba shi 579, na faɗi gari, na faɗi wat huɗu da waya a kan gora. Ya aiko 73, gaisuwar ban kwana ta masu harkar. Kilomita 3,400 da wani abu ke nan. A littafi na rubuta 17:20, domin da agogon UTC ake rajista, mu kuma muna gabansa da awa ɗaya.

Abin da ban shirya masa ba shi ne abin da ya biyo baya. Yana gamawa sai zangon ya rufta a kaina, mutum goma ko fi suna kira lokaci guda, sauti kan sauti. Masu 5N a Morse ba su da yawa, kuma akwai masu tara ƙasashe da ke jiran irin wannan rana. Na buga QRS, a rage sauri, ba wanda ya saurara. Ban iya ciro harafi ko ɗaya ba. Ladan ya cece ni. Na kashe, na ɗauki dabino, hannuna bai daina rawa ba har na idar da magariba.

18 ga Afrilu

Yau ce ranar masu rediyon sha'awa ta duniya, ranar da aka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa da ƙasa, IARU, a Faris a 1925. Littafina ya kai mutum goma sha huɗu, duk Turawa.

Wani yaron maƙwabta, mai hannu sosai a gyaran waya, ya zo da 'yar na'urar FM da ya haɗa daga zanen da ya gani a intanet. Yana so in taya shi ƙara mata ƙarfi ya riƙa sa wa unguwa karatu da waƙa. Ya ce, "Kawu, ai ƙarama ce, ba ta kai taka ba."

Na zaunar da shi. Watsa shiri ga jama'a lasisinsa daban ne, na hukumar NBC, kuma nawa bai ba ni wannan ba balle shi. Ban da doka ma, zangon FM yana ƙarewa a megahaz 108, daga nan kuma zangon jiragen sama ya fara, har 137. Na'ura irin tasa, mai taransisto ɗaya ba matata, ba ta tsayawa inda aka ajiye ta, tana yawo da zafin rana da taɓin hannu, tana kuma zubar da 'ya'yan sigina a wasu wuraren. A wani garin sai a ce da sauƙi. A Zariya muke, inda kwalejin koyon tuƙin jirgin sama take tun 1964, ɗalibai na shawagi a kanmu kullum. Na nuna masa zobba uku daga cikin biyar ɗin da na naɗa, na ce waɗannan ba su da wani aiki sai tace abin da bai kamata ya fita ba. Bai ji daɗi ba, amma ya tafi da takardar haruffan Morse, kuma jiya na ji shi yana buga wa ƙaninsa da cokali a kan kwano.

11 ga Mayu

Tun daren jiya zangon ya mutu. Na duba waya, na duba batir, na sake duba liƙin zoben nan mai ƙafa takwas. Lafiyarsu ƙalau. Rana ce ta yi aman wuta, guguwarta ta bugi duniya da ƙarfin da ba a ga irinsa ba tun Oktoban 2003, mataki na biyar, mafi girma a ma'aunin. An ga jan haske a sama har a Meziko da tsibiran Kanari. Mai wat dubu da mai wat huɗu yau duk ɗaya suke.

26 ga Mayu

Gasar CQ WPX ta Morse, jiya da yau. A irin wannan gasa kowace sabuwar farkon alama ƙarin maki ce, don haka 5N tana da daraja. Na bi shawarar Baba, ban kira CQ ba, na riƙa bin masu ƙarfi ina amsa musu. Su ne masu manyan eriya da kunnuwa masu kyau, rabin aikin su ke yi mini. Saƙon gajere ne, rahoto da lambar jeri. Mutum 23 na samu, ciki har da Barazil guda biyu, fiye da kilomita 5,000.

Amma da na zauna ina duba littafin, daga Afirka Maroko ce kawai da Kanari. Wani abokina a Kano mai rediyon da ke kama Morse ya saurare ni a lokacin da muka shirya, bai ji komai ba, a daidai mintin da na'urar Jamus ta rubuta ni. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A megahaz 14 igiyar da ta tashi tsaye galibi huda rufin saman take yi ta wuce, wadda ta tafi a kwance ce ke dawowa, kuma can nesa take sauka. Kano da Maraɗi da Damagaram duk suna ƙarƙashin bakan, tana wucewa ta kansu. Makkar mai unguwa kuma tana wajen bakin wayata na gabas, inda eriyar ta fi rauni. Ya tambaye ni ranar Juma'a, na ce ana nan ana nema.

8 ga Yuni

Damina ta zauna. Sandar ƙasa da na kafa da rani na sake duba ta, na haɗa ta da ta gidan da waya mai kauri, don kada su zama biyu masu bambancin caji. Mai wayarin ya so ya zuba gishiri da gawayi a ramin kamar yadda aka saba. Gawayin na yarda, gishirin na hana, yana cin ƙarfe.

Ba na yaudarar kaina cewa sandar nan za ta tare aradu. Cajin iska take kwashewa. Maganin aradu shi ne kada wayar ta kasance cikin ɗaki. Da hadari ya haɗo nake cire ta daga rediyo, in fitar da ita ta taga, in ajiye bakinta can nesa da gini, tun kafin a fara walƙiya, don lokacin da ake tsawa ba lokacin riƙe wayar eriya ba ne. Sauti yana cin kilomita ɗaya a daƙiƙa uku, na koya wa yara su ƙirga daga walƙiya zuwa tsawa. In bai kai talatin ba, tana cikin kilomita goma, kowa ya shige ɗaki. Ba na mayar da waya sai an yi rabin awa da tsawar ƙarshe. Rediyon ma yana gargaɗi tun hadarin na nesa, ƙas-ƙas yake yi a kunne kamar ana taka busasshen ganye.

15 ga Yuni

Jajiberin babbar Sallah. Daren jiya an yi ruwa, na cire waya na fitar kamar kullum. Da yamma, kaina na wajen rago da masu fawa, na zauna na kunna na danna mabugin Morse. Na ji zangon shiru ƙwarai, na ɗauka sa'a ce. Na buga CQ har sau biyu kafin wari ya iso hancina. Wayar eriya tana can waje a kan dutse inda na bar ta.

Ƙarfin da bai samu wurin zuwa ba ya koma kan taransisto uku na ƙarshe, BS170. Da na ɗora eriyar bogi, mita ba ta ko motsa ba.

29 ga Yuni

Baba ya turo jikansa da taransisto shida a cikin kwalin ashana, da saƙo cewa ukun na yanzu ne, ukun na karo na gaba. Na canza duka ukun, mita ta dawo bolt 19 da ɗoriya. Na yanko kwali na rubuta ERIYA da babban baƙi, na huda shi na sa zare. Duk sanda na cire waya sai in rataya shi a kan mabugi, ba ya sauka sai waya ta koma.

Na fara shirin mita 40 saboda Nijar. A megahaz 7.030 igiya tana iya tashi tsaye ta dawo kusa, kamar ruwan da aka watsa wa rufi, kuma don haka eriyar ba ta son tsawo, mita huɗu ko biyar daga ƙasa sun isa. Wahalar a tsawon wayar take: 143 a raba da 7.03, mita 20 da santimita 34, filin bayan gidana kuma 15 ne. Sai dai baki ɗaya ya tsallaka katanga ya kama mangwaron maƙwabcina. Na je na same shi bayan isha'i da wayar a hannu, na nuna masa tsawon da za ta bi da inda za ta ƙare, sama da inda yaro ko akuya za su kai. Ya ce, "Malam, ba komai a wajena, amma bishiyar ta gado ce, bari in gaya wa Yaya." Yayan yana Funtuwa, sai ƙarshen wata zai zo.

Kafin nan zan naɗa sababbin zobba, don rediyon ya koma mita 40. Mai ƙafa takwas ɗin ma sai an sake shi.